Ummi a Lungunan Sarayebo

Yayyena ne suka ƙulla tafiyar, ni kuma aka ɗora wa kayan. An shafa wa gidanmu na unguwar Tandabawi a Makka lamba da jan fenti, alamar rushe-rushe ya iso layinmu, mahaifiyarmu Ummi kuwa ta ce sai dai a fitar da gawarta. Shi ne suka ce in tafi da ita Sarayebo ta ƙasar Bosniya hutun Juma'a da Asabar, su kuma su kwashe kayanta zuwa sabon bene kafin mu dawo. Na yarda, muka hau jirgi.

Ummi ba ta saba zama baƙuwa ba. A Makka ita ke nuna wa baƙi hanya. Duk alhajin da ya ɓata a lungunanmu, a ƙofarta yake samun ruwa da kwatance. Da muka shiga tsohuwar kasuwar Sarayebo, maƙera na ta ƙwanƙwasa tagulla, tattabaru sun cika fili. Ni ina ta zuba kamar wata 'yar jagora, ga gada, ga hasumiya, ita ko kallo ban ishe ta ba. Bango take bi tana shafawa. Ta ce lungunan irin namu ne sak, sanyin ne kawai kamar an manta firji a buɗe.

A wani lungu muka tarar da tsohon gida mai tagogin katako, an manna masa ɗan allo mai rubutu da lamba. Wata dattijuwa na zaune a ƙofa tana saƙa safa. Kafin in ankara Ummi ta kama hannunta biyu.

“Ya uhti, sabur,” in ji ta da Larabci, wato 'yar'uwa, a yi haƙuri. “Allah ya musanya miki da mafi alheri. Mu ma sun sa wa gidanmu lamba.”

Matar ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Murmushi ta yi, ta nuna mana kujera. Kunya ta kama ni, haushi kuma ya biyo baya, na ja Ummi gefe.

“Ummi, ba lambar rushewa ba ce. An rubuta gidan tsoho ne ƙwarai, don haka ba wanda zai taɓa shi. Ko taga ba a yarda a canza ba.”

“Saboda ya tsufa?”

“Saboda ya tsufa.”

Ta daɗe tana kallon allon. Da ma shiru na yi, na bar ta da jajenta. Ba ta ƙara shafa bangon kowa ba, gahawar da matar ta kawo ma kurɓa ɗaya ta yi mata.

A bakin kogi Ummi ta zauna, ta ce ba tare da ta dube ni ba, “Ya binti, 'yata, ni na haife ku. Na san abin da yayyenki ke yi yanzu. Halas, shi ke nan, su kwashe. Amma ki kira babban, ki ce kada su rufe ƙofa. Ubanku ne ya buɗe min ita ina amarya, ni zan rufe ta da hannuna.”

Na matsa gefe na kira. Yaya ya ɗauka, ina jin ƙarar injina a bayansa. Ya ce tun safe aka yanke wuta, aka ciccire ƙofofin layin duka, tamu ma tana cikin motar masu sayen tsohon ƙarfe.

Na dawo na zauna kusa da ita.

“Me ya ce?”

Na faɗa mata. Ta gyara mayafinta, ta gyaɗa kai.

“To,” ta ce, “gobe ki kai ni in ga sauran gidajen mutane.”