Baƙar Motar da Ke Ja da Ƙafafun Gaba

Ku ba ni aron kunnuwanku, jama'a, in na gama zan mayar muku. Ban yi boko ba, jikata ce ke rubutawa ina faɗa. Bana shekara ashirin da ɗaya ke nan da muka rufe maigidana, wanda makanikan unguwarmu Hindawiyya ta Jidda ke kira Usta, wato gwanin sana'a. Sunansa na yanka kuwa bakina bai taɓa kamawa ba, ba kuma yau zai fara ba.

A Damagaram ya koyi gyaran mota wajen wani Bafaranshe. Da mutumin zai koma ƙasarsu sai ya bar masa wata baƙar mota, gajeriya, cikinta kamar zai shafi ƙasa, giyarta a maƙale kusa da sitiyari kamar ludayi. Da ita muka ƙetara Chadi da Sudan ina amarya, aka loda ta a jirgin ruwa har Jidda. Ranar farko da ta kafe a rairayi, abokan tafiya suka ruga suna cusa tabarmi ƙarƙashin tayoyin baya. Usta ya ce, "Ku dawo da su gaba. Wannan ba tura kanta take yi ba, ja take yi, kamar doki da amalanke."

Duk tashar da muka yada zango sai ya ba da labarin wanda ya ƙera ta, har na haddace. Wai attajiri ne a ƙasar Faransa, mai son abin da ba a taɓa yi ba. Ya rushe masana'antarsa ya sake ginawa saboda wannan mota, ya ci bashi iya wuya, ya matsa wa ma'aikata su fito da ita tun ba ta nuna ba. Na farkon suka riƙa karyewa a hanya. Masu bin bashi suka taso, masu ƙera taya, waɗanda suka fi kowa binsa, suka karɓe kamfanin. Bai jima ba ciwo ya ɗauke shi. Bayansa aka gyara motar, aka yi shekara ashirin da ɗoriya ana sayar da ita. Nan Usta yakan ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi."

A Jidda kuwa zamanin manyan motocin Amurka ne. Makanikai su kwanta ƙarƙashin tamu suna neman dogon ƙarfen da ke kai ƙarfi baya, ba su gani ba, su tashi suna dariya. Usta dai ya ce wata rana duk ƙananan motoci da gaba za su riƙa ja. Yanzu jikana Faisal, wanda ke tuƙi a wani gida a unguwar Abhur, ya ce mini haka ɗin ne ya faru. Ina ma Usta ya gani. Na san ba zai yi gori ba, sai dai ya ce Allah sarki Bafaranshen da ya ƙera ta.

Tun da ya rasu motar ke tsakar gidanmu, an lulluɓe ta da tamfol. Sai ga shekarar da aka zo rushe unguwarmu, aka ba mu wa'adin kwashe kaya. Ranar ƙarshe Faisal ya kawo Ali, Bahaushen Sudan mai motar ja. Suka tura, ta ƙi motsi, don a giya Usta ya bar ta kuma tsatsa ta kama. Suka ɗaga bayanta suka ja, ta ja tunga kamar jaki a bakin rafi. Mai sayen tsohon ƙarfe yana tsaye da abin yankansa, yana duba agogo.

Faisal ya ce, "Halas ya Sitti, shi ke nan Kaka, a bar shi ya yanka. La'asar ta yi."

Na ce, "Kai miji marar amfani, ku sauke bayan, ku ɗaga gaban."

"Sitti, tsofaffin motoci duk da baya suke turawa. Yaushe kika zama usta?"

"Tun uwarka ba ta zo duniya ba. Ali, ɗana, ɗaga gaban."

Ali ya ce, "To, Hajiya, yalla." Da ƙafafun gaba suka bar ƙasa, na baya suka juya da wani kuka siriri, ta bi shi ta ƙofar gida salin-alin. Ban san ina hawaye ba sai da jikata ta miƙo mini bakin mayafina.

Bafaranshen da ya ƙera ta bai ga ranar motarsa ba, Usta bai ga ranar maganarsa ba. Usta bai bar mana gida ba, bai bar dukiya ba, unguwar ma yau fili ce. Abin da ya bari magana ce guda a cikin kan tsohuwar da ba ta san bihim ba, kuma ranar da aka buƙace ta, ta isa.

Mai sayen ƙarfe ya tafi hannu rabbana. Ali ya ƙi karɓar ko riyal, har yau yana zuwa gaishe ni ranar Juma'a. Faisal yana nan Abhur, duk hutu yana kwance ƙarƙashin motar yana zuba mata mai, ya rantse sai ta tashi. Ita tana unguwar Waziriyya inda muka koma, ƙarƙashin rumfa, ni ina kusa da ita a kan tabarma. Usta kuwa yana inda za mu je mu same shi. Allah ya haskaka kabarinsa.