'Yan Bencin Baya

Lokacin da nake koyarwa a wata firamare ta ƙauye a hanyar Ibeto, ina da wata doka da nake taƙama da ita. Bayan kowace jarrabawa sai in sake wa yara wurin zama: na ɗaya a gabana, na ƙarshe can jikin bango. Haka aka yi mana muna yara. Bencin baya kuwa har suna na raɗa masa, ɗakin kwana, don 'yan cikinsa kullum gyangyaɗi suke. In na faɗa aji ya kwashe da dariya, ni kuma in ji ni wata gwana.

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da ba ta taɓa barin bencin nan ba. Ba ta rashin kunya, ba ta fashi. Sai dai in an tambaye ta biyu sau uku, sai ta kafe mutum da ido kamar daga rijiya za ta jawo amsar. Ana zafin bazara tana ƙudundune cikin hijabi, wai sanyi take ji. Na zane ta har hannuna ya gaji. Ga shi kuma tana son makarantar, ko an tashi tara ba ta fita wasa, sai ta zauna tana bin rubutun allo da ido tana motsa baki.

Ranar da aka raba sakamako babanta ya zo da fartanya a kafaɗa. Ɗan ƙabilar Kambari ne, Hausarsa a karye, amma tambayarsa a miƙe take.

"Malama, yarinya nan, akwai kai ko babu kai?"

Na gaji, ga zafi, ga mai mashin da zai mai da ni Kontagora yana jira. Na ce, "Baba, gaskiya dai kanta ba ya ja."

Ya ce ya gode. Washegari tana gona.

Ba a daɗe ba wata ma'aikaciyar lafiya ta zo duba yara. Kayan aikinta kofi ne da ruwa. Ta sa kowa ya buɗe wuya, ya ɗaga haɓa, ya kurɓi ruwa, ita kuma tana kallo tana shafawa da yatsu. A layin gaba ba ta jima ba. Da ta kai ɗakin kwanan nan nawa sai ta yi ta rubutu.

Ta ja ni gefe ta ce maƙoƙo ne ke taso wa 'yan bencin baya, kuma ta sha ganinsa a makarantun yankin. Ƙarancin sinadarin aidin ne a abinci, shi ke kumbura wuya, ya kawo kasala da nauyin fahimta. Ta tambayi gishirin da ake ci. Wane gishiri kuwa? Na kasuwa mana, wanda ake zubewa a daro a buɗe, rana ta yini tana dukansa, a auna a gwangwani. Ta ce in ma da aidin a ciki, rana ta gama da shi. Iyaye mata kuwa in sun ga wuyan 'ya ya ciko murna suke, wai ta fara zama budurwa.

Shekara nawa ina tsaye gaban yaran nan, ban taɓa kallon wuyan ko ɗaya ba. Tafin hannunsu na sani, inda bulala ke sauka. Har yau in na tuna raina ɓaci yake. Haushin kaina nake ji, da na waɗanda suka koya mana malanta ba su taɓa ambata mana wannan ba.

Na je gidan su yarinyar nan na roƙi babanta ya mai da ita makaranta. Ya ce damina ta riga ta kama, a bari sai kaka. Kafin kaka aka yi mini canjin wurin aiki.

Bara na gamu da ita a bakin asibiti a nan Kontagora, da goyo a bayanta. Ta naɗe wuya da gyale, amma abin ya fi ƙarfin gyale. Ni ban gane ta ba, ita ta gane ni. Ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, ta tambayi mutan gida. Na so a ce zagina ta yi. Sai ta kwance bakin zani, ta ciro takardar da likita ya ba ta, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Malama, don Allah karanta mini. Me suka ce?"