Mai Riƙon Igiya

In ka tambayi mutanen bakin tekun nan, tun daga Zambujeira har Carrapateira, za su ce maka ba a yi kamar ƙanwata Graciete ba. Ni kuwa da na riga ta zuwa duniya da shekara huɗu, sai na ce, "Idalina ce, yayar mai motar kifi," sannan a gane ni.

Tana da shekara goma sha tara ta karɓi kwandon tallan kifin Inna, kafin ta kai talatin ta sayi farar mota mai firji a baya. Hon uku take yi a bakin kowane ƙauye, biyu gajeru ɗaya dogo, sai mata su fito da faranti, kyanwoyi na biye da su. Ta san wadda mijinta ke da hawan jini, ta san wadda za a saka wa kan kifi a leda ba tare da an kunyata ta ba. Dariyarta kamar ana juye tsakuwa a bokiti, amma kowa so yake ya ji. Ni shekara goma sha ɗaya ina gida da Baba: wanka, magani, yankan farce, miya ba gishiri. Ita sai ranar Lahadi ta leƙo da soyayyen kifi a takarda, tsoho ya washe baki ya ce, "Ga rana ta fito!" To ni da nake nan kullum aci-balbal ce?

Baba, Albino Guerreiro, gwanin ciro percebes ne, abincin tekun nan mai kama da yatsa da ke manne a jikin dutse inda raƙuman ruwa suka fi duka. Da igiya ake sauka daga saman gaɓa. Wani yana zaune a sama, nesa da baki, ya tokare ƙafa a turke ya riƙe. Inna ce ta riƙe wa Baba har ta rasu. Kowane gwani yana da dutsensa na ɓoye, kuma mutum ɗaya tak yake faɗa wa kafin ya mutu. Baba bai haifi namiji ba. Ba wai zan iya sauka ba, ko tsani na hau kaina juyawa yake. Amma dai a ganina sirrin dutsen nawa ne, ni na sha wuyar tsohon.

Wata safiya da bazara ya ture kofin shayi ya ce yana son ganin bakin teku tun idonsa na gani, a kira masa Graciete. Na ce ƙafata ƙafarsu.

Muka matsu mu uku a gaban mota. A Azenha do Mar ta danna hon ɗinta, duk da ba kifi ta ɗauko ba, gari ya fito. Aka dire mana farfesun kifi da dankali, aka ƙi karɓar ko sisi. Wata tsohuwa ta ga ina cire wa Baba ƙaya, ta ce, "Graciete, kin dace da mai aiki. A ina kika samo ta?"

"Haba Dona Amélia, Yayata ce!" in ji Graciete, ta kece da dariyar nan tata. Na ture farantina gefe.

Daga nan muka ratsa gandun da gwamnati ta killace, ba gida ba gona, sai gajerun itatuwa da iska ta kwantar, da shamuwa a sheƙoƙinsu kan duwatsun cikin ruwa. Baba yana kiran sunan kowace gaɓa, Graciete tana amsawa. Ni ina riƙe da jakar magani.

Bayan mun wuce Arrifana Baba ya sa ta saki kwalta ta bi wata hanyar ƙasa. Inda hanyar ta ƙare muka tallafe shi muka zaunar a kan dutse. Ya ce, "Idalina, ɗauko min bargo a mota." Na je, wawiya. Ina dawowa na tarar bakinsa a kunnen Graciete, yatsansa yana nuna ƙasa, tana gyaɗa kai.

Na jefar da bargon. "Sannu Baba! Shekara goma sha ɗaya ina kwasar kashinka, ashe ladan na mai hon ne?"

"Yaya, don Allah..."

"Ke rufe min baki, ba da ke nake ba!"

Baba bai ko ɗaga murya ba. Ya ce in duba ƙarƙashin kujerar mota, akwai buhu. Na ɗauko ina huci. Tsohuwar igiyarsa ce, ta yi baƙi da gishiri da gumin hannu.

"Uwarku ta riƙe min wannan shekara talatin da huɗu," in ji shi. "Ba ta taɓa ganin dutsen ba, ba ta kuma taɓa sassautawa ba. Waccan," ya nuna Graciete da haɓa, "in ka ba ta igiya, wani ya wuce, sakinta za ta yi ta ɗaga masa hannu. Dutse duk mai ƙafa zai iya zuwa. Ran 'yata kuwa ban ga wanda zan ba riƙo ba sai ke."

Haushin bai tafi ba, kada in yi maka ƙarya. Na naɗe igiyar muka koma gida.

Da kaka ya rasu. Yanzu duk ranar da ruwa ya ja baya sosai, Graciete tana ajiye mota a ƙarshen hanyar nan, ta ɗaura sabuwar igiya a ƙugu ta sauka. Ni ina zaune a sama, ƙafata a turke. Kowane takunta ina jinsa a tafin hannuna. In igiyar ta daɗe ba motsi, ƙara damƙe ta nake, har sai na ji ta ja sau biyu.

Da rana kuma ta danna hon, mata su yi ta rububi: "Percebes ɗin Graciete, ba irinsu!" Raina ya sosu, kamar kullum. Sau ɗaya ta ce bari ta kwatanta min yadda dutsen yake, na ce ta riƙe abinta. Har yau ban gan shi ba. Hannuna ya yi kanta irin na Inna, kuma ko sau ɗaya ban sassauta ba.