Hoton Auta a Kan Kujera

Shekarar da autanmu ya faɗi da babur a hanyar Aliero, da buhunan albasa a bayansa, ni na yanke cewa Inna ba za ta ji ba. Tana Andarai tana fama da hawan jini, likita kuma ya ja mana kunne a kan duk labarin da zai tayar mata da hankali. Mai ɗori ya ɗora ƙafar da ta karye, muka kawo yaron gidana a Jega, muka ce mata aiki ne ya riƙe shi.

Ana haka aka yi sunan jikata. Inna ba ta iya zuwa ba, sai ta aiko a kai mata hotuna. Ranar nan na wuni ina gadin wayoyin dangi, duk wanda ya ɗaga tasa wajen Auta sai na harare shi. Amma kaico, mai hoton da na ɗauko da kaina na manta da shi sam. Ya ɗauki Auta tsaye cikin kawunnanmu, ƙannen Inna, da sanduna biyu a hammata.

Sai da gari ya waye abin ya faɗo mini. Masu hoto da yawa ba sa bari biki ya huce, sai ka ga kanka a Fesbuk ana tallar aiki da fuskarka. Matan maƙwabtan Inna kuwa kullum waya na hannu, kuma ba a taɓa haifar wadda za ta gani ta yi shiru ba. Ko karyawa ban yi ba na yafa mayafi na nufi shagonsa.

Tun daga bakin ƙofa na fara faɗa. Ya bar ni na zazzage tas, sannan ya ce, "Hajiya, zauna. Hoton mutum ba ya fita shagon ga sai da yardar mai shi. Ba ni sa wa a intanet, ba ni liƙawa a bango. Ɗazu ma wani ya zo, wai shi ɗan ƙanwarki ne, in tura mai hotunan. Na ce ke kika kira ni, ke zan ba."

Wallahi sai na zauna a benci ina ta hamdala. Kunyar faɗan da na yi ta kama ni, amma daɗin ya fi kunyar yawa.

Da hankalina ya dawo, sai na nemi ƙari. Na ce ya goge sandunan nan da kwamfutarsa. Ya ce a'a. Yana gyara haske, yana share gumi da ƙurji, amma ba ya cire abin da ya faru ko ya ƙara abin da bai faru ba, kuma bai yarda a kai aikinsa wani wuri a sauya shi ba. Na ce sanda ce fa, ba mutum na ce ka kashe ba. Ya yi dariya ya ce in tara mutanen, zai sake ɗauka, a zaunar da yaron.

Haka aka yi. Kawunnai suka sake sa manyan riguna suka jeru, Auta a kan kujera a tsakiya, babbar riga ta rufe ƙafar. Hoto ya yi kyau, na kai wa Inna da kaina.

Ta daɗe tana kallonsa. Ta ajiye, ta sake ɗauka. Na ga fuskarta ta canza.

"Mi an nan?" ta ce. "Yaro zaune bisa kujera, ƙannena tsaye bisa kainai? Ni na haihe shi, ban koya mai haka ba. Birni ya lalata min ɗa, kina kallo?"

Sai ga hawaye. Duk dabarar da muka ƙulla, ba wanda ya tuna da wannan, har kawunnan. Na ga abin da nake gudu yana neman zuwa ta wata ƙofa, sai kawai na riƙe hannunta na faɗa mata komai: babur, albasa, mai ɗori, da cewa ya fara takawa. Ina magana ina duban numfashinta.

Ta goge ido da bakin zane, ta sake ɗaga hoton kusa da fuska.

"Karaya ta?"

Na ce karaya ce, Inna.

Ta sauke ajiyar zuciya. "To alhamdu lillahi. Ƙashi ai yana ɗoruwa. Ki ce mai ya zauna abinai har ya warke."