Ƙofar Mama

Shekarar da na haifi 'yata ta biyu, mahaifiyata ta zo Greensboro ta Amurka daga Katsina don wankan jego, muka roƙe ta ta zauna. Sai dai gidanmu na unguwar Sedgefield ƙofa ɗaya gare shi, falo da kicin a haɗe, Mama kuwa wajen kunyar suruki ta fi Bafillatana. Da ta ji ƙarar motar maigidana sai ta kwashi kwanonta ta shige ɗaki. Shi ma gwanin, sai ya yi zamansa a mota wai har ta gama ci. Tun ina dariya har na daina, don Mama ta fara ramewa, ta ce a nemo mata tikitin komawa.

Maigidan ya yi abin da zai yi a gida: ya sayo katako, ya auna bayan gida, zai yi mata ɗaki da ƙofarta. Kwana uku da farawa, ma'aikacin hukumar birni ya zo ya tsayar da shi.

"Wai babu famit, takardar izinin gini," maigidan ya ce mini. "Kuma a unguwar nan fili ɗaya, gida ɗaya. Filina fa!"

Lokacin birnin yana sake duba dokokin gine-gine, aka kira taron jin ra'ayi a cikin gari, muka je har da Mama. Wasu suka ce in an yarda a ƙara ƙananan gidaje a filayen da ake da su, gari zai daina cinye gonaki ta wajen Summerfield. Wasu suka ce motoci za su yi yawa. Sai ga maigidana ya miƙe, mutumin da ko a walima ba ya buɗe baki. Ya fara magana da Turanci.

Mama ta taɓo ni. "Me yake cewa?"

"Ya ce uwarsa ta rasu tun yana ƙarami, Allah ya ba shi wata, ba ya so ya rasa ta saboda ƙofa."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ni ma kukan nake yi.

Ba a yanke komai ranar ba, harkar hukuma sai haƙuri. A hanyar komawa, mun tsaya a danja kan Elm Street, Mama ta yi gyaran murya daga bayan mota. Ba da ni take ba.

"Malam, kar a sayi tikitin nan. Zan jira ƙofar."