Tafiyata da Nasiru Zuwa Washington

Yola zuwa Abuja

Tun kafin kiran assalatu direban ofis ya iso ƙofar gida. Maiɗakina Hauwa ta cusa min kilishi da yaji a jaka, ta ce in kai wa masu masauki. Sunana Sani, na daɗe ina aiki a ofishin Yola na wata ƙungiyar agaji ta duniya mai kula da waɗanda yaƙi ya rutsa da su. An gayyace mu Washington ne mu yi wa masu ba da tallafi bayanin aikinmu a arewa maso gabas.

A Abuja na haɗu da abokin tafiyata, Nasiru. Ni na koya masa ɗaure rauni lokacin da ya shigo aikin sa-kai, ko gemu bai tsiro masa ba. Faransancin da ya tsinta wajen kakanninsa a Garwa ta ƙasar Kamaru ne ya ɗaga shi, har ya zama wakili, irin waɗanda hedikwata ke turawa ƙasa-ƙasa. Ya rusuna ya gaishe ni, yana kirana Yaya kamar da. Na amsa da fara'a, amma idona na kan agogon hannunsa.

Dulles zuwa Upper Marlboro

Mun yada zango a Turai, muka sauka a filin jirgin sama na Dulles, kusa da Washington, bayan la'asar. Jami'in shige da fice ya ga fasfon Nasiru cike da hatimi, ya yi masa barka da zuwa. Ni kuwa aka ja ni gefe, aka ƙwace kilishin, aka bar min yajin.

Mai masaukinmu Dakta Aminu, likitan ƙashi ɗan Kano, shi ya ɗauke mu. Ya sa Nasiru a gaba, ni ina baya da jakunkuna. Cunkoson motoci ya riƙe mu har magariba, duk tsawon hanyar kuma tambaya ɗaya bai yi min ba. A gidansa da ke unguwar Upper Marlboro, matarsa Hajiya Binta ta yi mana tuwon shinkafa da miyar taushe. 'Ya'yansu suka kewaye Nasiru, yana yi musu Hausa suna amsawa da Turanci.

Washington

Washegari muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa cikin gari. Wata dattijuwa daga hedikwata ce ta buɗe taron da tarihin ƙungiyar. Ta ce wani ɗan kasuwa ne ya faɗa filin daga a Turai bayan an gama gwabza yaƙi, ya tarar da masu rauni zube babu mai ba su ko ruwa. Ya tattara matan ƙauyen suka yi jinyar kowa, ba ruwansu da ɓangaren da mutum ya yi wa yaƙi. Da ya koma gida shi da wasu 'yan garinsu suka kafa kwamiti. Har yau kwamitin ke jan ragama, mambobinsa duka 'yan ƙasar ɗan kasuwar ne, wata ƙaramar ƙasa da ba ta shiga faɗan kowa, kuma su ke zaɓen magadansu.

Wani ɗan Ghana ya tambaya ko hakan adalci ne. Ta ce da za a raba kujerun tsakanin ƙasashe, kowa da rigimar gidansu zai zo, kuma babu mai bindigar da zai sake buɗe musu ƙofar kurkuku. Ni ba hujjarta ce ta dame ni ba. Daɗi na ji a raina cewa akwai kujerar da Nasiru ba zai taɓa hawa ba.

Sai aka kira shi. Ya ba da labarin ranar da muka tsallako da masu rauni a kwalekwale, ranar da shi yana wata ƙasa, a bakina ya ji. Ya nuna ni ya faɗi sunana, na miƙe aka tafa. Da ya gama aka sake tafawa, nasa tafin ya fi daɗewa, kuma shi aka yi ta ɗauka hoto.

Wheaton

Ana gobe zan koma, Dakta ya kai mu unguwar Wheaton sayen tsaraba. A shagon wata Hajiya 'yar Kumasi muka ci shinkafa da wake. Nasiru ya sayi na'urar awon jini da mayafi mai kauri, ya ajiye a gabana, ya ce in kai wa mahaifiyarsa. Nan ya gaya min ba tare za mu koma ba, an tura shi wata ƙasar da ake yaƙi. Na ce masa ai manya sai jirgi. Bai yi dariya ba.

"Yaya, wakili ba ya aiki a ƙasarsu, doka ce. Lokacin da aka ƙone ƙauyenmu na roƙi a kawo ni Yola, suka ce ɗan gida ba zai iya tsayawa a tsakiya ba. Kai ka kwaso Inna, ni a waya na ji."

Na ɗauki kayan na sa a jakata. Da zan ce hassadar ta gushe a nan, da na yi ƙarya. Ta dai rasa wurin zama mai daɗi.

Gida

Na iso Yola ranar Juma'a, bayan sallah na wuce wajen Inna, mahaifiyarsa. Ta shafa mayafin, ta tambaye ni ko ya rame, na ce lafiyarsa ƙalau, manyan mutane ma sun tashi sun tafa masa. Sai ta miƙo min hannunta.

"To, ɗaura min abin nan, Sani. Shi ya saya, amma kai ne a kusa."

Na ɗaura mata, jinin ya ɗan hau. Na ce zan dawo ranar Litinin in kai ta asibiti.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Dakta Aminu da iyalinsa. Nasiru kuma, Allah ya tsare shi a inda yake.