Uwar Wel da Matar Ƙanena

Ni da ban taɓa ganin teku ba, na yi shekara da shekaru ina koya wa 'yan sakandare a Jimeta labarin wel, ƙatuwar dabbar tekun nan da ake ce wa kifi alhali shayarwa take yi. Akwai irin da ba su da haƙora, sai geza a baki kamar rariya. Su kamfaci ruwa su tace, ƙananan halittu su maƙale, su haɗiye. Ɗalibai su yi ta dariya, wai duk girman nan a ɗan mitsitsi ya ƙare. Ni uwar ce ke burge ni. Takan baro ruwan sanyi inda abinci yake, ta je ruwan ɗumi ta haihu, ta yi watanni tana shayarwa kusan ba ta cin komai. Kitsen jikinta ne ke komawa nono.

Shekarar da 'yan ta da ƙayar baya suka kama garin Mubi, matar ƙanena ta iso gidana a Wuro Hausa, ƙafa a kumbure, da yara uku da jaririya a goye. Shi ƙanen nawa ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Gida ya cika maƙil da dangi, tukunya kuwa ba ta ƙara girma ba.

Bafulatana ce, ni kuma yayar miji, ko kusa ba za ta ci abinci a gabana ba. Sai in zuba mata, ta shige ɗaki, kwano ya fito fes. In na tambaya, ta sunkuyar da kai ta ce, "Na ƙoshi, Adda." Har yabon kunyarta nake wa maƙwabta. Na ga tana ramewa, na ce baƙin cikin miji ne.

Wata safiya ta yanke jiki ta faɗi a bakin famfo. A asibiti likita ya ja fatar idonta, fari tas, ya ce, "Hajiya, me take ci?" Na harzuƙa, na ce abin da muke ci mana. Sai babbar 'yarta ta fashe da kuka. Dada suke ce wa uwar tasu.

"Goggo, mu Dada take ba wa. Ta ce kada mu faɗa miki, wai kin yi ƙoƙari."

Zazzaɓi ya tarar da jiki ba jini. Kwana uku ta yi ta cika.

A wannan makon ne fa na tsaya gaban allo ina zana uwar wel, ina ta zuba bayanin yadda take ramewa. Wallahi har yau haushin kaina nake ji. Ɗakin nata taku huɗu ne daga inda nake zama, kunya ce ta hana ni ɗaga labule.

Jaririyar ni na raine ta, yanzu ta shiga sakandare. Kwanan baya muna tsintar shinkafa ta ce, "Goggo, wane abinci Dada ta fi so?" Na daɗe ina juya tiren. Ban sani ba, ban taɓa ganin ta kai loma baki ba.